Filin Tambaya da Amsa: Ƙwarin Aisofod na Teku, Ƙirar Jikinsu da Dangoginsu

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan aisofod, ƙananan halittun nan masu ɓawo, dangin ƙaguwa da jatan lande, waɗanda aka rubuta fiye da nau'i 10,000 daga cikinsu. Kusan rabinsu a tudu suke, kimanin 4,500 a teku, sauran a ruwan daɗi. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuma na ma'abota wannan fili ne masu nazarin halittun ruwa.

Assalamu alaikum. An ba mu samfuri daga ciyawar teku mu rarrabe, amma na kasa bambance aisofod da amfifod. Duk ƙanana ne, duk masu ƙafafu da yawa. Ina zan duba? Daga wata ɗalibar nazarin halittu.

Wa alaikumus salam, Malama. Amfifod ma ƙaramar halitta ce mai ɓawo, ɗan'uwan aisofod na kusa. Abin da aka saba faɗa wa ɗalibai shi ne aisofod a baje yake daga sama zuwa ƙasa, amfifod kuma a matse yake daga gefe zuwa gefe. Gaskiya ne a mafi yawan lokuta, amma kada ki dogara da shi. Dangin Anthuridae aisofod ne, ga su dogaye sirara, ba su baje ba ko kaɗan, kuma akwai amfifod masu faɗin baya. Siffa tana yaudara. Ƙidaya ce ba ta ƙarya.

Ki kwantar da ƙwaron rigingine a cikin ɗan faranti mai etanol, ki sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ki bi shi daga kai zuwa wutsiya.

Kan aisofod ya haɗe da gaɓar farko ta ƙirji, shi ya sa za ki ga wasu ƙananan hannuwa biyu sun rufe bakinsa daga ƙasa. Asalinsu ƙafafun waccan gaɓa ne da suka koma aikin ci, ana kiran su maksilifed. A ƙarƙashinsu akwai wasu sassan baki kashi biyu, sannan muƙamuƙai. Ƙahonnin ji huɗu ne, biyu gajeru a gaba, biyu yawanci sun fi tsawo. Idanu a manne suke da kai, ba sa bisa sanda irin na ƙaguwa, kuma da yawa daga na zurfin teku ba su da ido sam. Babu wani babban ɓawo guda da ya lulluɓe ƙirji. Kowace gaɓa da sulkenta.

Bayan kai sai ƙirji, wanda masana ke kira feriyon. Gaɓoɓinsa bakwai ne, kowace da ƙafa biyu, jimla 14. Kowace ƙafa tana da guntaye bakwai, amma in kin ƙirga sau da yawa shida za ki samu, domin na farkon ya baje ya zama wani ɗan sulke a gefen jiki, musamman daga gaɓa ta biyu zuwa ta bakwai. Wannan yana rikita masu koyo ƙwarai.

Inda magana take shi ne ciki, wato filiyon. A ƙarƙashinsa aisofod yana da filiyofod, wato ƙafafun ciki, biyar a kowane gefe, lebur masu siffar ganye, kowane da reshe biyu, a jere wani bisa wani. Da su yake numfashi, da su kuma yake iyo. Saboda haka ne ma zuciyarsa ta koma can baya kusa da su. Gaɓa ta shida ta haɗe da wutsiya sun zama abu guda, filiyotelson, a gefensa kuma akwai yurofod, wato ƙafar wutsiya, guda a kowane ɓangare. To, biyar da ɗaya ke nan. Amfifod kuwa uku da uku ne: filiyofod uku sirara masu gashi, yurofod uku, kuma sassan numfashinsa a gindin ƙafafun ƙirji suke. Da zarar idonki ya saba da wannan, ba za ki sake haɗa su ba.

Akwai na uku da ke shigowa cikin irin wannan samfuri, wato tanayid. Shi yana da ɗan ɓawo da ya rufe kai da gaɓoɓin ƙirji biyu, da manyan hannuwa masu matsewa a gaba, ƙafafun tafiya kuma shida-shida. In kin ga matsewa irin ta ƙaguwa a kan ƙwaro siriri mai 'yan milimita, ki fara zarginsa.

Littafin da nake karantawa ya sa yawancin aisofod na teku a rukunin Flabellifera, amma a sababbin jerin sunaye ban ga wannan suna ba. Wanne ne daidai? Daga wani malamin sakandare.

Malam, littafinka ba ƙarya ya yi ba, tsufa ya yi. An daɗe ana zuba duk aisofod mai wutsiya shimfiɗaɗɗiya a cikin Flabellifera, har aka gane cewa wannan kamanni bai nuna asali ɗaya ba. Wani masani mai suna Wägele ya fara warware rukunin a 1989, sannan masana Brandt da Poore suka kammala a 2003, aka raba shi. Daga sama, tsarin bai canza ba: Arthropoda, sai Crustacea, sai Malacostraca, sai Peracarida, wato masu goyon ƙwai a jakar ƙirji, sannan Isopoda, sunan da masanin halittu Latreille ya sa tun farkon ƙarni na 19. A ƙarƙashinsa yanzu ana lissafa ƙananan rukunai wajen 11, amma biyar ne za ka riƙa cin karo da su a teku, kuma yurofod ne mabuɗin yawancinsu.

Valvifera su suka fi sauƙin ganewa. Yurofod ɗinsu sun naɗe zuwa ƙasa sun rufe filiyofod kamar ƙyaure mai ganye biyu, in ka sa bakin allura ka ɗaga sai su buɗe. Idotea da ke cikin ciyawar teku yana nan. Cymothoida su ne masu cin nama, masu cin mushe da masu shan jini. A nan Cirolanidae, Cymothoidae, Gnathiidae, Anthuridae da Bopyridae suke. Sphaeromatidea sun haɗa masu dunƙulewa in an taɓa su, da kuma Serolidae masu faɗi na tekun Antatika. Limnoriidea ƙaramin rukuni ne na masu huda katako da ciyawar teku.

Sai Asellota, waɗanda a ganinmu ba a ba su haƙƙinsu a littattafan makaranta. Gaɓoɓin cikinsu sun narke cikin babban filiyotelson, saura ɗaya ko biyu a gaba, yurofod ɗinsu sirara ne, filiyofod na gaba kuma sun zama murfi. Su ne suka mamaye laka ta zurfin teku, an samo wasunsu a ramuka masu zurfin kusan mita 10,000. Wanda ya san aisofod na bakin gaɓa kaɗai, rabin labarin ya sani.

Ligia da kake gani yana gudu a kan duwatsun bakin teku ba ya cikin waɗannan biyar. Shi ɗan Oniscidea ne, rukunin na tudu. Mafi tsufan aisofod da aka samu a dutse kuwa ya kai shekara miliyan 300, daga jihar Ilinoi ta Amurka, kuma na rukunin Phreatoicidea ne, wanda 'ya'yansa na yau a ruwan daɗi suke.

Na buɗe bakin kifin teku zan gyara, sai na ga wani farin ƙwaro mai baƙaƙen idanu a manne inda harshe yake. Mene ne, kuma kifin yana ciyuwa? Daga wata uwargida.

Hajiya, kifinki yana ciyuwa. Ki cire ƙwaron, ki wanke, ki dafa yadda kika saba. Ba ya da dafi kuma ba ya rayuwa a jikin mutum. In yana da sauran rai yana iya maƙale yatsa da ƙugiyoyinsa, don haka ki sa hantsaki.

Ɗan dangin Cymothoidae ne. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Cymothoa exigua na mashigin tekun Kalifoniya, amma akwai nau'o'i da dama a tekuna masu ɗumi, irin su Ceratothoa da ke addabar masu kiwon kifi a keji a Bahar Rum. In kin juya shi za ki ga duk ƙafafunsa 14 sun ƙare da ƙugiya mai kaifi; ba na tafiya ba ne, na riƙo ne. Yana shiga tun yana ƙarami ta ƙarƙashin murfin kumatun kifi, inda kifin ke numfashi. Kowannensu namiji yake fara zama. Wanda ya samu wuri a baki sai ya rikiɗe ya zama mace, ta girma ta kai santimita biyu zuwa uku, wanda ya zo daga baya kuma ya tsaya a namiji, ƙarami, a bayanta ko a wurin numfashin kifin. Ki duba can, sau da yawa za ki same shi.

Macen tana kafa ƙugiyoyi a harshe tana shan jini har naman ya motse. Masana biyu, Brusca da Gilligan, sun rubuta a 1983 cewa a wani kifi jikinta yana maye gurbin harshen, daga nan labarin ya bazu. Abin da ya fi damun masu kiwo shi ne ƙananan kifaye, domin su ne ke ramewa, girmansu ya tsaya, wasu su mutu. Babban kifi yakan daure.

Masu sayen jatan lande ma suna ganin ɗan'uwansa ba tare da sun sani ba. Kumburin nan da ke fitowa a gefe ɗaya na ɓawon kai, in aka ɗaga za a tarar da macen Bopyridae, jikinta a karkace har da wuya a yarda aisofod ce, da wani mitsitsin namiji a manne da ita. Ita takan hana mai masaukinta haihuwa.

Ginshiƙan katako na matsayar jiragenmu suna sirancewa a daidai inda ruwa ke cika yana janyewa. Saman katakon ya yi laushi, cike da ƙananan huji. Ba mu ga tsutsa ba. Daga wani injiniya.

Injiniya, kwatancinka na Limnoria ne, ƙaramin aisofod mai huda katako. Ka fasa ɗan guntu daga wurin, ka jiƙa shi a bokitin ruwan teku, ka bar shi ba iska na wasu awanni. Za ka ga fararen ƙwari masu tsawon milimita biyu zuwa huɗu suna fitowa.

Ramukansu faɗin kimanin milimita ɗaya ne, suna bin ƙarƙashin fatar katakon, ba sa nutsawa fiye da santimita ɗaya zuwa biyu, domin suna buƙatar iskar da ke cikin ruwa. Ƙananan hujin da ka gani a jere na shigar ruwa ne. Ɓarnar tana zuwa ne da taimakon igiyar ruwa. Tana kankare saman da ya rube, sabon katako ya bayyana, su sake shiga. Haka ginshiƙi ke cinyewa daga waje har ƙugunsa ya tsuke ya karye. Wannan ne bambancinsu da Teredo, wanda dangin kawa ne ba aisofod ba: shi yana cin ciki ya bar waje lafiya lau, ramukansa manya ne kuma a shafe da farin alli. Ka bincika ko kana da duka biyun, domin sukan haɗu.

Sanin nau'in yana da amfani a aljihu. A bayan filiyotelson, Limnoria tripunctata yana da ƙananan ƙuraje uku, Limnoria quadripunctata huɗu, Limnoria lignorum kuma ba shi da su, sai wani ɗan tudu mai reshe biyu. Mai ƙuraje ukun, na ruwa mai ɗumi, an san shi da shiga katakon da aka jiƙa da kiriyosot, wato man kwalta na kare katako, kamar ba a sa komai ba. Inda yake, kiriyosot kaɗai asara ce. Ana haɗa shi da maganin da ke da sinadarin tagulla, gwargwadon abin da dokar wurin ta yarda. Ga ginshiƙan da ke tsaye, abin da ke aiki shi ne a kankare su, a naɗe su da leda mai kauri ta PVC ko foliyetilin, a ɗaure tam, ruwan da ya saura a ciki ya rasa iska ƙwarin su mutu. Naɗin ya fara daga ƙasan inda ginshiƙi ya shiga laka har ya wuce iyakar cikar ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin baki a buɗe a ƙasa, ko barin yagewa ba a liƙe ba, sai sabon ruwa ya riƙa shiga, ɓarna ta ci gaba a ɓoye inda ba mai gani. Ginshiƙin da ya riga ya rasa kauri sosai, naɗi ba ya mayar masa da ƙarfi, sai rigar kankare ko sauyi.

In matsayar a bakin kogi take inda gishiri ya yi ƙasa, kuma hujin ya kai faɗin rabin santimita ko fiye, to Sphaeroma ne, wanda ke huda saiwoyin itatuwan gaɓa. Wani abin sha'awa game da Limnoria: masana a jami'o'in Yok da Fotsmot na Ingila sun nuna cewa yana narkar da katako da sinadaran jikinsa, hanjinsa babu ƙwayoyin halittar da sauran masu cin itace ke dogaro da su.

Ɗaya daga cikin aisofod ɗin da nake kiwo a tanki rabin jikinsa na baya ya yi haske ya fi na gaba faɗi. Ciwo ne? Wasu ƙananan kuma ƙafafunsu 12 ne. Daga wani mai tankin kifin ado.

Ba ciwo ba ne, Malam, saɓa yake yi. Aisofod sau biyu yake tuɓe ɓawonsa. Ɓawon yana tsagewa tsakanin gaɓar ƙirji ta huɗu da ta biyar, rabin baya ya fita, sabon ya kumbura ya yi tauri, bayan awanni ko 'yan kwanaki sai rabin gaba ya biyo. Kada ka taɓa shi a wannan tsakanin.

Masu ƙafa 12 jarirai ne, ana kiran su manka. Macen aisofod ba ta sakin ƙwai a ruwa. Wasu faffaɗan sassa suna tsirowa daga gindin ƙafafunta su haɗu su zama jaka a ƙarƙashin ƙirji, a nan ƙwai ke ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su fito da kamannin iyaye sai dai ba ƙafa ta bakwai. Ƙafar tana fitowa ne bayan sun yi saɓa. Amma ka kula: in ka ga ƙananan ƙwari masu kumburarren jan ciki a manne da kifinka, musamman da dare, waɗannan 'ya'yan Gnathiidae ne masu shan jini. Manyansu ƙafafun tafiya biyar-biyar gare su kuma ba sa cin komai. Namiji, mace da ɗa sun sha bamban har a ƙarni na 19 aka ba su sunaye daban-daban, ana zaton halittu ne mabambanta.

Yaya zan adana samfuri yadda masani zai iya gano nau'insa? Daga wani ɗalibin digiri na biyu.

Ka wanke ciyawa ko yashi a bokiti, ka tace da rariya mai ido rabin milimita. Mai ido milimita ɗaya tana zubar da yawancin Asellota. Masu cin mushe kuma tarko ake sa musu da guntun kifi a bar shi ya kwana. Kafin ka kashe su ka ɗauki hoto, domin launi yana gushewa cikin kwanaki. Ka sanyaya su a ƙanƙara tukuna, in ba haka ba masu dunƙulewa za su mutu a dunƙule, kuma buɗe su daga baya yana karya ƙafafu.

Don nazarin ƙira, etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ya isa. Don gwajin DNA, kashi 95 ko 96, a ajiye a wuri mai sanyi, kuma ka san cewa yana sa gaɓoɓi su bushe su riƙa karyewa. Hanya mafi kyau ita ce a cire ƙafa ɗaya ko biyu daga gefe guda a sa a mai ƙarfin, sauran jikin a na 70. Etanol ɗin ya ninka girman samfurin kamar sau goma, kuma a sauya shi bayan awa 24, saboda ruwan jikin ƙwarin yana tsinka shi. Fomalin, wani ruwan adana samfuri, yana lalata DNA, in kuma ba a kashe tsaminsa da boraks ba yana cinye allin ɓawo, ƙurajen da ake gane nau'i da su su shafe. Takardar bayani a rubuta ta da fensir a jefa cikin kwalbar, ba a manna a waje ba: wuri, kwanan wata, zurfi, irin ƙasan wurin, da sunan kifin in a jikinsa aka cire, har da sashen jikin.

Abu mafi muhimmanci, ka nemi balagaggen namiji. Yawancin bayanan nau'i a kansa aka gina su. Za ka gane shi da wani siririn tsinke a reshen ciki na filiyofod na biyu, da ƙananan al'aura biyu a ƙasan gaɓar ƙirji ta bakwai. Kwalba cike da mata da manka sau da yawa iyakarta sunan dangi. Ko namijin ma a yi hattara: Paracerceis sculpta da ke zama cikin soson teku yana da maza iri uku, babba mai dogayen yurofod, matsakaici mai kama da mace, da ƙarami mai kama da ɗa, duk nau'i ɗaya. Shi ya sa ake ɗebo da yawa daga wuri guda. In za ka feɗe, ka cire sassan gefe ɗaya kawai a cikin ɗigon gilisarin, ka bar ɗayan gefen yadda yake don mai dubawa a bayanka.

Hoton da ke yawo a intanet na wani ƙaton ƙwaro da mutum ya riƙe da hannu biyu, gaskiya ne ko haɗi? Daga wani matashi.

Gaskiya ne, samari. Bathynomus giganteus ke nan, na dangin Cirolanidae. Alphonse Milne-Edwards ya bayyana shi a 1879 daga wani samfuri da aka kamo a mashigin tekun Meksiko a 1878. Yakan wuce santimita 30, yana zaune a laka mai sanyi daga zurfin 'yan ɗaruruwan mita zuwa fiye da 2,000, yana cin mushen kifi da duk abin da ya nutso daga sama. Ƙwansa guda ya kai kusan milimita 13. Abinci a can ba kullum ba ne, don haka in ya samu yakan ci har ya kasa motsi sosai, sannan ya daɗe bai ci ba. Wani da aka ajiye a gidan kifi na Toba a Japan ya daina ci a farkon 2009, bai mutu ba sai a Fabrairun 2014.

Masu ɗaukar hoto sukan miƙo shi kusa da kyamara don ya ƙara girma a ido, saboda haka ka auna shi da yatsun mai riƙon. Ga ɗalibai kuwa, babu samfurin koyo da ya kai shi, domin ƙafafu 14, filiyofod goma da yurofod biyu duk ana ƙirga su da ido ba tare da madubi ba.